Ƙullin da ya dace da ɗaure kwalekwale a turke

Malam, ka tambayi ƙullin da zai riƙe kwalekwale a turke, ba ya kwancewa da kansa, kuma ba ya gagarar kwancewa. Naɗa igiyar sau biyu a jikin turken. Sai ka zagayo da bakinta kan doguwar igiyar da ta nufi kwalekwalen, ka ƙulla, ka sake ƙulla wani irinsa.

Naɗin nan shi ke ɗaukar nauyi, shi ya sa ko ruwa na fizgar kwalekwalen yatsunka za su iya warware ƙullin. Amma fa in igiyar nailan ce, a jiƙe santsi gare ta. Na sha ganin bakinta ya zare, don haka ka bar masa tsawon taƙi guda, ka ƙara ƙulli na uku.