Tambaya da Amsa: Wai ina ruwan gwamnati da tarbiyyar ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce, kullum a rediyo ana ta maganar haƙƙin yara, wai gwamnati ta hana dukansu da nuna musu bambanci. To ni dai ban gane ba, ina ruwan gwamnati da cikin gidana? Kuma in da gaske suke, me ya sa wata makaranta ta ƙi karɓar ɗan ƙanwata don kawai yana da lalurar ƙafa, wai ba su da wurinsa? Daga Maman Yara.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ba mai ƙwace miki tarbiyyar 'ya'yanki, kwantar da hankalinki. Maganar da kike ji ta samo asali ne daga Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, an amince da ita ran 20 ga Nuwamba 1989, ƙasashe 196 sun shiga, Amurka ce kaɗai a mambobin majalisar har yau ba ta tabbatar da ita ba. Kuma ita kanta a sashe na 18 cewa ta yi iyaye su ne na farko da alhakin renon yaro ke wuyansu, aikin gwamnati ta tallafa musu. Inda take shigowa shi ne sashe na 19, wato idan mai riƙon yaron shi ne ke azabtar da shi, ko yana lalata da shi, ko ya yi watsi da shi, to wa yaron zai kai wa kuka? Ai kin san akwai gidajen da abin ya wuce horo ya zama mugunta tsagwaronta, yaro ɗan shekara biyar kuwa ba shi da bakin kai ƙara.

Suwidin ce ta fara haramta dukan yara gaba ɗaya har a gida, a 1979, kuma abin da ya burge ni ba su tsaya kan kama iyaye ba, wayar da kai suka sa a gaba, aka raba wa iyalai ƙasidu, har a jikin kwalin madara aka buga bayanin don kowa ya gani a gidansa.

Batun ɗan ƙanwarki kam makarantar ba ta da gaskiya. Sashe na 2 na yarjejeniyar nan ya hana a ware yaro saboda naƙasa ko jinsi ko addini ko yare ko matsayin iyayensa, na 28 kuma ya ce firamare dole ce kuma kyauta. Amma fa gaskiya sa hannu a takarda shi ne mafi arha a cikin aikin, duk bayan shekara biyar ƙasa ta kai rahoto gaban kwamitin ƙwararru 18 a Janiba, su ba da shawara, shi kenan, ba su da ɗan sanda ba su da kotu. Ni a wurina gwamnatin da take da gaske a kasafin kuɗinta ake ganewa, shin ta horar da malaman da za su iya da yaro mai lalura, ta gyara ƙofar aji keken guragu ya shiga, ta ɗauki ma'aikatan jin daɗin jama'a ta biya su albashi? Barazil a 2003 ta fito da Bolsa Família, ana ba iyalai matalauta kuɗi da sharaɗin yaro ya je makaranta a kuma yi masa rigakafi, yawanci ma hannun uwa ake damƙawa. Indiya na da lambar waya kyauta, 1098, yaro da kansa zai iya kira in yana cikin matsala.

Ki ce wa ƙanwarki ta koma ta nemi su rubuta mata dalilin ƙin karɓarsa a takarda, da yawa daga nan suke ja da baya. In sun ƙi ta ɗauki takardar haihuwarsa ta wuce ofishin ilimi da ke kula da makarantar, ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, ta kuma ajiye kwafin duk abin da ta miƙa. In ba shi da takardar haihuwa a fara yi masa ita tukuna, don ita za a fara tambaya.