Amsa ga mai tambaya kan yadda za a kasa tsofaffin motoci a gem ɗin tsere

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka cewa kana haɗa ɗan gem ɗin tseren mota, ka tara tsofaffin motoci har da Fijo 504, kana so ka san ko ka raba su da shekara kawai, ƴan 1960 gefe guda, ƴan 1970 gefe guda, ko kuma ka zuba su duka a rukuni ɗaya. To ni dai shawarata kar ka yi ko ɗaya, shekara ita kaɗai za ta cuce ka wallahi.

Duba fa, ƙungiyar FIVA mai kula da motocin tarihi tana cewa mota sai ta kai shekara 30 kafin a kira ta ta tarihi, to da wannan lissafin McLaren F1 ta 1992, wadda ta taɓa yin gudun kilomita 386 a awa, ta zama ajinsu ɗaya da Volkswagen Beetle ke nan. Ko a cikin shekarun 1960 kaɗai, Beetle ɗin ƙarfinta bai kai doki 60 ba, ita kuwa Ford GT40 da ta cinye tseren awa 24 na Le Mans sau huɗu a jere daga 1966 zuwa 1969, mai injin lita 7 ɗin ta haura doki 450. Ka jera waɗannan a layi ɗaya ai ba tsere ka haɗa ba. Dokin hawan sallah da dokin sukuwa duk dawakai ne amma ba wanda zai sake su tare a fili.

Abin da za ka fara tambaya shi ne, me aka ƙera motar ta yi? Ta gida ce ta kai yara makaranta, ko ta sifo ce ta titi irin Marsandi 300 SL ta 1954, ko irin manyan nan na Amurka masu ƙaton inji, ko ta rali, wato tseren da ake yi a hanyoyin waje ba a fili ba, ko kuma wadda aka yi don filin tsere zalla. Daga nan sai zamani ya shigo, sannan ƙarfi da nauyi. Masu gem ɗin Forza Horizon haka suka yi, mota tana da rukunin irinta, kuma tana da maki daban da ke sa ta a aji D ko C ko B ko A har zuwa S1, S2 da X. Masu gem ɗin Gran Turismo ma suna da nasu makin da suke kira PP.

Amma makin ma kar ka yarda da shi ɗari bisa ɗari. Akwai wani shagon gem a Samaru da muke zama da yamma in an kawo wuta, nan na ga abin da kyau. Wani ya ɗau Dodge Charger ta 1969, abokina ya ɗau Mini Cooper S ya ɗan yi mata gyara har makinsu ya zo kusa. A miƙaƙƙen titi Charger ta wuce kamar ba da ita ake ba, ana isowa kwana mai ita ya danne burki tun daga nesa amma ina, nauyi ya haura tan ɗaya da rabi ga taya siririya, bayanta ya kwashe ta daki katanga, Mini da ba ta wuce kilo 700 ba ta bi ta ciki ta sulale, yaran da ke tsaye a bayanmu sai ihu. Da aka canza hanya zuwa mai tsawo kuma ko ƙurarta Mini ba ta gani ba. Maki ɗaya, amma hanya ce ke zaɓar wanda zai ci, shi ya sa nake cewa kowane rukuni ka ba shi hanyoyin da suka dace da shi. Mini ɗin nan fa ba wasa ba ce, ta ci ralin Monte Carlo a 1964, 1965 da 1967.

Ƴan rali ma sai ka raba su biyu. Na ajin Group B na shekarun 1980 irin Audi Quattro da Fijo 205 T16 masu turbo da ja da ƙafa huɗu su zauna su kaɗai, su ne aka soke bayan 1986, shekarar da direba Henri Toivonen ya rasu a haɗari a Corsica cikin Lancia Delta S4. In ka haɗa su da na 1970 masu ja da ƙafafun baya kawai, ba wanda zai sake taɓa na 1970 ɗin.

Sai maganar gyara, wadda ita ta fi ba ni haushi. Mutum ya ɗau tsohuwar mota ya cire injinta ya dasa na zamani, ya sa faffaɗan taya da burkin tsere, sannan ya shigo gasar tsofaffi yana cika baki, to me ya rage na tsufa in ba gangar jiki ba? Ka sa doka a gem ɗin, duk wadda aka canza wa inji ta fita ta koma rukunin waɗanda aka yi wa dashe. Daɗin tsohuwar mota ai wahalarta ce, sitiyari mai nauyi, ba ABS mai hana taya kullewa in an danne burki, jiki na lilo a kwana.

Ita kuma 504 taka, sa ta sau biyu. Salun irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, irin da muka taso muna gani tana lodi a Kwangila, ta tafi rukunin motocin gida na 1970, ka bar mata laushin nan nata na shan gargada. Ta ralin kuma, wadda direba Ove Andersson ya ci ralin Safari da ita a 1975, ta shiga cikin ƴan rali masu ja da ƙafafun baya, kuma ka ba ta hanyar burji mai ramuka, can ne za ta nuna kanta. In ka gama jera su ka turo mu gwada.