Gwangwani da Katako Sun Ishe Ka Farawa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce kana son zuwa Jamus karatun fizis, amma tsoronka ɗakin gwaje-gwaje, don a makarantarku allo da alli kawai kuka sani. Ni ma da wannan tsoron na zo. Ashe ba na'ura ce za ta kayar da ni ba, awo ne.

Cikin gwaje-gwajen farko da aka ba mu a Praktikum, kamar yadda ake kiran darasin a nan, har da na gara abubuwa a kan gangare. Wallahi dariya ta kusa kuɓuce min, ni da na tashi ina gara taya a lungu. Aka ajiye ƙwallon ƙarfe, da guntun rodi, da bututu mai rami, aka ce wanne zai riga sauka? Na ce mai nauyi. Kuskure. Nauyi da girma ba su da ta cewa, abin dubawa shi ne inda nauyin ya taru. Abin da ke gangarowa yana raba ƙarfinsa biyu, wani ya tafi wajen tafiya, wani wajen juyawa. Ƙwallo cikakke kashi 2 cikin 7 yake kashewa a juyi, rodi kashi 1 cikin 3, bututu kuwa, da yake nauyinsa duk yana gefe, rabi cur. Shi ya sa kullum bututu ne kurar baya.

Ga inda gizo ke saƙa. A katako mai tsawon mita 2 da aka ɗaga kansa santimita 10, lissafi ya ba ƙwallo daƙiƙa 3.4, rodi 3.5, bututu 4.0. Ratar ƙwallo da rodi ba ta kai jinkirin yatsanka a kan agogo ba. Na auna sau uku, na rubuta lambobi masu kyau, na miƙa. Mai duba mu ta maido min da rahoton da jan biro: ina kuskuren awonka? A nan, lambar da ba ka faɗi iyakar shakkarta ba, tamkar ba ka auna komai ba ne. Sai da na sake shi sau biyu. Kuma kafin a bar ka ka taɓa kaya sai an yi maka tambayoyin baki, da Jamusanci, don haka kada ka yi wasa da harshen.

Kada ka jira biza. Nemi katako mai santsi, gwangwanin madarar ruwa, na tumatir mai kauri, da wanda babu komai ciki. Sake su bibbiyu daga layi ɗaya. Za ka ga na madara kan yi gaba, don ruwan cikinsa ba ya bin gwangwanin ya juya sosai, zamewa yake yi. Ɗauki bidiyo da wayarka ka ƙirga hotunan da ke cikin bidiyon don sanin lokaci, galibi 30 ne a daƙiƙa. Akwai kuma manhajar phyphox ta jami'ar Aachen a Jamus, mai mayar da waya kayan awo, kyauta ce. Galileo ma, masanin kimiyyar nan ɗan Italiya, a littafinsa na 1638, da ƙwallon tagulla da ruwan da ke tsiyaya daga bokiti ya auna lokacinsa.

Yi kowanne sau 10, ka rubuta har waɗanda suka saɓa wa lissafi, kada ka goge ko ɗaya. Turo min hoton shafin mu duba tare. Ka gaida su Inna.