Amsar murya kan tsohuwar amfilifaya mai bawul

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena na Kaura Namoda, na saurari saƙonka. Ka ce ka ciro amfilifayar marigayi Baba daga ɗaki, mai bawul EL34 guda biyu (kwalaben gilashin nan da ke ƙara ƙarfin murya), wani ya taya amma ya ce sai in komai na asali ne, kai kuma kana son ka canja kayan ciki ta tashi. To, ni dai abu na farko, don Allah kada ka jona ta ga wuta yanzu.

Na taɓa yin wanga ganganci nan Gusau. Aka kawo min irinta ta wani masallaci, ta shekara ashirin a ajiye, na soka ta kai tsaye. Ko minti biyar ba a yi ba ƙarfen cikin bawul ɗaya ya yi jajir kamar garwashi, sai warin ƙuna. Taransifomar sifika ta tafi. An sake naɗa ta, amma muryar ba ta dawo daidai ba har yau. Ashe ɗan kafasito ne (abin da ke tara wuta ya riƙe) na takarda da kakin zuma, wanda bai kai yatsa ba, ya riƙa yoyon wuta zuwa ga bawul.

Saboda haka kafasito kam a canja su, da na takarda da manyan nan na gwangwani da ruwan cikinsu ke bushewa, balle da zafinmu. Wayar wuta ma sa sabuwa mai baki uku. Masu sayen amfilifayar Quad II ta Ingila, wadda ta fito 1953, su kansu sun san ana yin haka. Tsofaffin da ka cire, zuba su a leda ka ajiye, ka ba mai saye, ka faɗa mishi gaskiyar abin da ka taɓa.

Wanda ban yarda da shi ba shi ne huda ƙarfen jikin amfilifayar don a sa bulutut ko fanka, ko a yi mata fenti. Rami ba ya cikewa. Haka masu cire bawul ɗin rektifaya (mai juya wutar gida zuwa irin wadda amfilifaya ke aiki da ita), irin GZ34, su sa dayod, ɗan ƙaramin abu na zamani mai yin aikin. In an yi haka wutar ciki tana hawa, kuma tana zuwa nan take tun bawul ba su ɗumama ba. In ka ga an rubuta sunan kamfanin Mullard jikin bawul, kada ka goge da ruwa, rubutun fita yake, kuɗi ne ka wanke.

Af, na manta. Cikinta akwai bolt sama da 400, kuma kafasito na riƙe wuta ko bayan an kashe. Auna da mita kafin ka sa hannu. Kada ka kunna ba sifika jone. Ranar gwaji ka bi da wutar ta ƙwan fitila irin na da mai zare, wat 100. In ya haska sosai ya tsaya a haka, kashe maza.

Turo min hoton ƙarƙashinta da na bayan, in ga bolt nawa aka saita ta.