Tambayoyin Masu Karatu: Tsakanin Kalusha Bwalya da Patson Daka, wa ya fi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Muna ta jayayya da mahaifina a kan 'yan wasan Zambiya. Ni a ganina Patson Daka ne gwarzonsu, tunda har gasar Firimiya ta Ingila ya buga, amma Baba ya ce duk Zambiya ba a yi kamar Kalusha Bwalya ba. Don Allah a raba mana gardama.
Daga wani ɗalibi a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe mini da Baba, ka kuma faɗa masa ina bayansa a wannan magana.

Daka ɗan wasa ne na gaske, ba na musu. Yana cikin matasan da suka ci wa Zambiya kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2017, ya yi fice a Salzburg ta Ostiriya, Leicester City ta ɗauke shi a 2021, kuma a shekarar ya zura ƙwallo huɗu shi kaɗai a ragar Spartak Moscow a gasar Europa. Sai dai Kalusha wani mataki ne daban.

An haifi Kalusha a 1963 a Mufulira, garin masu haƙar tagulla, kuma a Mufulira Wanderers ya yi suna kafin Cercle Brugge ta Beljiyam ta saye shi a 1985. Bahago ne, ƙafarsa ta hagu kuwa in ya samu bugun tazara kusa da gida, mai tsaron raga sai addu'a. A gasar Olamfik ta Seoul a 1988 Zambiya ta lallasa Italiya da ci 4-0, uku daga ciki nasa ne, kuma a shekarar aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka. Daga nan ya koma PSV Eindhoven ta Holan, ya ci kofin lig sau biyu a ƙarƙashin Bobby Robson, sannan ya wuce Club América ta Meziko a 1994.

Amma abin da ya sa nake girmama mutumin nan ba kofunan Turai ba ne. Ranar 27 ga Afrilu, 1993, jirgin sojan da ya ɗauko tawagar Zambiya zuwa Dakar don wasan neman gurbin kofin duniya da Senegal ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Libreville ta Gabon. Mutum 30 ne a ciki, babu wanda ya tsira, 18 daga cikinsu 'yan wasa ne, har da kocinsu Godfrey Chitalu. Kalusha yana Holan, shi ta can zai taso ya same su a Dakar. Kwana ne kawai bai ƙare ba.

Ka yi tunanin kyaftin da ya wayi gari babu abokan da suka taso tare. Wani da sai ya ce ya haƙura da buga wa ƙasa. Shi kuwa ya dawo gida aka haɗa sabuwar tawaga a kansa, yawancinsu yaran da ba su taɓa buga babban wasa ba. A watan Yuli suka karɓi Maroko a Lusaka. Maroko ta fara ci, Kalusha ya farke da bugun tazara, aka tashi 2-1 Zambiya ce da nasara. Da za su samu kunnen doki a wasan ƙarshe a Kasablanka da sun je kofin duniya na 1994, amma aka ci su ɗaya mai ban haushi.

Mu 'yan Najeriya mun san ragowar labarin, don da mu suka haɗu a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Tunis a 1994. Elijah Litana ya ci mu tun minti na uku, Emmanuel Amunike ya rama, ya kuma ƙara bayan an dawo hutun rabin lokaci. Na yi murna da kofin kamar kowa, amma wallahi ganin Kalusha da yaran nan sun kai wasan ƙarshe cikin ƙasa da shekara guda da hatsarin ya taɓa mini zuciya. A 1996 ma shi ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, da guda 5, Zambiya ta zo ta uku.

Kofin da bai ɗauka da ƙafarsa ba ya same shi a 2012, yana shugaban hukumar ƙwallon Zambiya. A Libreville ɗin dai aka buga wasan ƙarshe, Zambiya ta doke Kodebuwa ta su Drogba 8-7 a bugun fenareti, bayan 'yan wasan sun je bakin teku sun ajiye furanni don tunawa da mamatan.

Har yau Zambiya ba ta taɓa zuwa kofin duniya na manyan maza ba. In Daka ya kai su, ka sake rubuto mini mu sake zama a kan maganar.