Masu neman aikin kula da rumbun bayanai suna cika baki: ta yaya zan gane na gaskiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ce shugabar sashen kwamfuta a wata ƙungiyar adashi da ba da rance a Kano, kuma muna neman wanda zai kula mana da rumbun bayananmu da ke kan manhajar PostgreSQL. Kusan duk waɗanda suka turo takardunsu sun rubuta cewa sun ƙware a manhajojin rumbun bayanai na Oracle da SQL Server da MySQL da PostgreSQL da MongoDB gaba ɗaya. Wanda muka ɗauka a baya ma haka ya rubuta, amma da sabarmu, wato babbar kwamfutar da rumbun yake kai, ta lalace sai da muka koma kan rasitai muna sake shigar da kuɗin mutane da hannu. Hankalina a tashe yake, domin amanar dukiyar jama'a ce a wuyanmu. Me zan tambaye su a intabiyu don kada a maimaita?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Damuwarki tana bisa hanya, sai dai kada ki yi watsi da mutum don kawai ya jera sunaye biyar a takardarsa, domin su ma masu ɗaukar aiki haka suke jera su a sanarwa, matasa kuma suna rubuta abin da suka ga ana nema. Ki fara da cewa ya zaɓi guda ɗaya wanda ya taɓa riƙewa a wurin da mutane suke aiki da shi kullum, ba wanda ya ɗora a kwamfutarsa don koyo ba, sannan ya faɗa miki girman rumbun, da sigarsa, da matsala mafi muni da ya taɓa fuskanta a kansa. Wanda ya yi aikin da gaske yana tuna irin waɗannan abubuwa dalla-dalla, wanda kuma bai yi ba zai koma yana karanto miki ma'anar kalmomi.

Daga nan ki daina tambayar baka, ki ajiye masa kwamfuta mai tebura uku, na mambobi da na rance da na biya, ki bar wasu gurabe babu komai a cikinsu da gangan. Ki ce ya fito miki da mambobin da ba su taɓa biyan ko sisi ba. Da yawa za su rubuta NOT IN, wato umarnin fito da waɗanda ba sa cikin wani jeri, kuma idan akwai NULL, wato gurbin da babu komai, ko da ɗaya a cikin jerin da ake dubawa, ba za a sami ko layi ɗaya ba, sai ki ga ko zai yi mamaki ya bincika, ko kuwa zai ce miki kowa ya biya. Ki tambaye shi nau'in da zai ajiye kuɗi da shi. Idan ya ce float, mai ajiye lamba bisa kusanci, maimakon numeric, mai ajiye ta daidai, ki sani kwabbai za su riƙa suɓucewa a lissafinku. Ki kuma tambaye shi abin da zai faru idan ya sa EXPLAIN ANALYZE, mai nuna yadda rumbu yake gudanar da umarni, a gaban umarnin gogewa na DELETE, domin a PostgreSQL umarnin yana gudana da gaske, bayanan kuma suna gogewa. Ki bar shi ya duba littafin jagora a intanet, tunda a bakin aiki ma dubawa muke yi.

Amma duk wannan ƙaramin al'amari ne idan aka kwatanta da abin da ya jefa ku cikin wahala, wanda kuma nake cin karo da shi kusan kullum, wato ɗaukar cewa wanda yake da kwafin ko-ta-kwana ya tsira. Za ki tambayi mai neman aiki yadda yake kare bayanai, ya amsa cikin gadara cewa yana ɗaukar kwafi kowane dare, sai duk waɗanda ke zaune a intabiyun su gyaɗa kai a wuce. A nan ne ake yin asara. Ɗaukar kwafi umarni ne guda ɗaya da kowa zai iya kwafowa daga intanet; aikin da ake biyan mutum albashi dominsa shi ne ya dawo da rumbun daga wannan kwafin, cikin lokacin da ƙungiya za ta iya jurewa, ba tare da ɓatan ciniki ko ɗaya ba. Kwafin da ba a taɓa gwada dawowa da shi ba, babu wanda ya san ko yana aiki, har shi kansa wanda ya ɗauke shi.

Kada ki ɗauka wannan matsalar ƙananan ofisoshi ce kaɗai. A ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, wanda shi ma PostgreSQL yake amfani da shi, ya goge kundin bayanai na babbar saba bisa kuskure, yana zaton a kan ta biyu yake, kuma kafin ya ankara kusan gigabayit 300 sun tafi. Da suka juya ga kwafofinsu, sai suka tarar pg_dump, wato umarnin da ke ɗaukar musu kwafi, ya daɗe yana faɗuwa ba tare da kowa ya sani ba, domin sigar 9.2 ce take ƙoƙarin kwafar rumbun da ke kan 9.6, saƙonnin gargaɗin kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin faruwar lamarin, don haka aikin waɗannan awannin shida ya salwanta. Waɗannan ƙwararru ne, kuma da an tambaye su da safiyar ranar da sun ce suna da kwafi.

Akwai wata amsa da ta fi wannan haɗari saboda tana da daɗin ji, wato a ce miki akwai saba ta biyu mai kwaikwayon ta farko, don haka babu abin tsoro. Saba ta biyu tana da amfani idan na'ura ta mutu, amma aikinta shi ne ta maimaita duk abin da aka yi a ta farko, saboda haka idan ma'aikaci ya goge teburin biya, cikin daƙiƙoƙi ita ma za ta goge nata. Haka nan wanda yake ajiye kwafi a kan faifan da rumbun yake, ko a wata na'ura da ke ɗaki ɗaya, a kan waya ɗaya ta lantarki, gobara ɗaya ko ɓarawo ɗaya ko manhajar masu neman kuɗin fansa za ta haɗa su duka. Akwai kuma masu kwafe fayilolin rumbun kai tsaye alhali yana cikin aiki, su zuba a filasha su ce sun gama, ba su san cewa irin wannan kwafin yana iya ƙin tashi ba. Mafi ban takaici su ne waɗanda idan faifai ya cika sai su shiga kundin pg_wal, inda rumbun yake rubuta duk canjin da aka yi, su goge fayiloli don samun wuri, abin da kan iya hana rumbun tashi ko ya lalata shi. Wannan ta'asa ta yi yawa har ta kasance cikin dalilan da suka sa aka canja wa kundin suna daga pg_xlog zuwa pg_wal a siga ta 10. Duk wanda ya ba ki ɗaya daga cikin waɗannan amsoshi a matsayin dabara, kada ki ba shi mabuɗin rumbunku.

Gwajin da nake so ki yi kashi biyu ne. Na farko, ki ba shi fayil da aka fitar da pg_dump, ki ce ya tayar da rumbun a sabuwar na'ura kina kallo. Wanda ya saba zai tambayi sigar, kuma zai tambayi ina asusun masu shiga, tunda pg_dump ba ya ɗaukar su, sai an haɗa da umarnin pg_dumpall. Na biyu, ki ba shi wannan labari: an ɗauki kwafi da ƙarfe 12 na dare, da ƙarfe 11 na safe wani ya yi DELETE babu WHERE, wato bai fayyace layukan da za a goge ba, duk suka tafi, ba a gane ba sai ƙarfe 2 na rana, kuma ana ta karɓar kuɗi duk tsawon lokacin. Idan ya ce zai dawo da kwafin dare a kan babbar saba, ya zubar muku da cinikin rana guda ke nan. Amsar da ake nema ita ce a ce tun farko akwai cikakken kwafi na umarnin pg_basebackup tare da fayilolin WAL, wato na kundin pg_wal, da ake adanawa a wani wuri, ko ta hanyar manhajojin kwafi irin su pgBackRest ko Barman, sai a tayar da rumbun a wata na'ura dabam zuwa daf da ƙarfe 11, a ciro layukan da aka goge, a mayar da su cikin wanda ake aiki da shi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma wannan tambayar ce take ƙarar da miyar tun a ɗakin intabiyu.

Game da takardun shaida, ba na raina su, amma ki sani masu haɓaka PostgreSQL ba su da wata jarrabawa tasu ta hukuma, kamfanoni irin su EDB ne suke bayarwa. Abin da yake ɓata mini rai shi ne wuraren horo da suke tara tambayoyin jarrabawa da aka fitar ta bayan fage, su sa yara su haddace, su karɓi kuɗinsu, su sallame su ba su taɓa ganin rumbu ya faɗi ba. Sashen ma'aikata kuma ya zo ya tace takardu bisa yawan satifiket, ya watsar da wanda ya shekara yana raya rumbun wani asibiti, ko kuma a aiko miki da ɗan wane a ce a yi masa alfarma. Ranar da kuɗin marayu da na 'yan kasuwa suka ɓace a lissafi, ke za a tambaya, don haka ki nemi shugabanni su amince a rubuce cewa gwajin aiki ne zai raba gardama.

Idan wani ya ce miki bai taɓa dawo da rumbu zuwa wani takamaiman lokaci ba, amma ya bayyana yadda zai gwada a wata na'ura kafin ya taɓa ta aiki, wannan ya fi mini wanda ya ƙirƙiro amsa, kuma ana iya horar da shi cikin 'yan watanni. Ki kuma kiyaye kada ki yi gwajin da ainihin bayanan mambobinku, ki ƙirƙiri na bogi, domin Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanku, har ta wajabta sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka sami keta da ke iya cutar da masu bayanan. Wanda kuka ɗauka kuma, ki sa a cikin takardar aikinsa cewa kowane wata zai tayar da rumbun daga kwafi a gabanki, ku kwatanta jimillar ajiya da ta rance da abin da ke babbar saba, ku rubuta tsawon lokacin da aikin ya ɗauka, ku sa hannu ku biyu.