Kwalin da ɗan yayarka ya zubar, shi ne ribarka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 31, ina da shagon kayan waya a Kaduna. Tun ina yaro nake son ƙananan motocin nan na ƙarfe, irin waɗanda ake jerawa a kabad ana kallo, ba na wasan yara ba. Bara na cire naira miliyan 6 daga jarin shago na shiga sarinsu. Ɗan yayata da ke karatu a Guangzhou ta ƙasar Sin shi ke saya mini: in tura masa kuɗi, ya zaɓo masu kyau. Don mu rage kuɗin dako yakan cire su daga kwalayensu ya nannaɗe a leda. Mota 140 suka iso, na sayar da 45, sauran sun yi kwantai. Na ga a intanet cewa akwai ƙaramar mota guda da darajarta ta haura dala 100,000. Shin in ci bashin miliyan 4 in sa ya sayo mini masu tsada, in ajiye su har su yi daraja?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Kada ka ci bashin nan. Kuma daga yau kada ka ƙara tura ko sisi Guangzhou sai ka gama karanta abin da zan gaya maka.

Kai kana ganin matsalarka ita ce kayanka ba su kai tsada ba. Ni kuwa inda na tsaya a wasiƙarka shi ne inda ka ce "ya zaɓo masu kyau". Masu kyau a idon wa? Kai ne ka shafe shekaru kana kallon motocin nan, kai ka san bambancin wadda aka ƙera don yaro da wadda aka ƙera don babba. Ilimin nan shi kaɗai ne abin da ka fi sauran 'yan kasuwa da shi. Sai ka ajiye shi a Kaduna, ka miƙa sari ga yaron da aka tura karatu, wanda iyakar saninsa mota ce ƙarama mai sheƙi. A wurin sari ake cin riba, kowane ɗan tebur a kasuwar Gumi ya san haka. Kai ka yi cinikin biri a sama har na miliyan 6.

Ban ga kayanka ba, amma bari in yi maka duba. Mafi yawansu ma'auninsu 1:32 ne ko 1:24, wato motar ainihi ta ninka su tsawo sau 32 ko 24, in ka danna su fitila ta kama, injin ya yi kuka, in ka ja su baya su ruga. Ka juya cikinsu, ba sunan kamfanin da ya ƙera, ko kuma akwai wani suna da ba ka taɓa ji ba. Irin waɗannan ana fitar da su jibgi-jibgi daga masana'antun kayan wasa na Chenghai da ke Shantou, a lardin Guangdong, lardin da ɗan naka yake zaune. Ba laifinsu, kaya ne na halal, kuma uba zai saya wa ɗansa da sallah. Amma mai tara motoci ko kallo na biyu ba zai yi musu ba. Duk wanda bai san harkar ba, abu uku ke ruɗarsa: nauyi, ƙofa mai buɗewa, da fitila. Zai ɗaga mota ya ji ta cika hannu ya ce wannan ita ce mai kyau. Alhali AUTOart, wanda ke cikin manyan sunaye a ma'aunin 1:18, ya daɗe da komawa yin gangar jikin yawancin sababbin motocinsa da wata irin roba mai tauri, sun fi na da sauƙin nauyi, kuma farashinsu ya kai dala 200 ko fiye. Su Spark da BBR kuwa da yawan motocinsu da ƙaron roba ake zuba su, ƙofarsu ma ba ta buɗewa, amma sun ninka mai fitilar nan kuɗi sau goma. Da ɗan yayarka ya gan su a kanti, wucewa zai yi.

Ka san masu zubin tukwanen alminiyam a Panteka. Asalin motocin nan zubi ne su ma, sai dai da tutiya ake yi, a gauraya ta da ɗan alminiyam da magniziyam da jan ƙarfe, a narka, inji ya tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe. Sana'ar ta tsufa: Dinky ta fara a Ingila a 1934, Matchbox a 1953, Corgi a 1956, Hot Wheels a Amurka a 1968. Dukkansu don yara aka fara su. Yaran ne suka girma suka yi kuɗi, kamfanoni irin su Minichamps da Kyosho da CMC suka taso suna yi musu na manya. Motar CMC guda ɗaya takan haɗa ɓangarori sama da 1,000, wayar tayarta ɗaya bayan ɗaya aka saƙa ta da hannu, kujerarta da fata ta gaske.

Akwai kuma wasu mutane da ya kamata ka san da su, masu haɗa motocin roba da hannunsu. Sukan sayi kwalin Tamiya ko Revell, a ciki ba mota sai gutsattsarin roba, su yi makonni suna gogewa, suna mannawa, suna fesa fenti. Da yawansu kallon raini suke yi wa mai sayen motar zubi, a ganinsu shi kuɗi kawai ya zaro, bai yi gumi ba. Ba ruwana da gardamarsu. Abin da ya dame ni shi ne idon da suka koya wa kowa. Yau mai saye na gaske, ko a Abuja yake ko a Legas, da ma'auninsu yake duba kaya: tsagar da ke tsakanin ƙofa da gangar jiki ta yi faɗi? Fitilar gaba gilashi ce ko fenti aka shafa? Akwai wayoyi a kan injin? Bel ɗin kujera ƙyalle ne ko zane? Wannan shi ne mutumin da kake so ya ba ka naira 300,000 a kan mota guda, kuma wakilinka a wurin saye ɗalibi ne da ke sauri ya koma aji.

Sai maganar kwali, wadda da na karanta sai da na ajiye wayar na yi salati. A wannan sana'ar kwali ba mazubin kaya ba ne, rabin kayan ne. A jikinsa sunan kamfani yake, da lambar samfur, da alamar izinin kamfanin motar ta ainihi. In bugu ne mai iyaka, takardar shaidar da ke nuna ta nawa ce a cikin nawa a ciki take. A abin da na gani, motar da ta rabu da kwalinta takan rasa sulusi zuwa rabin kuɗinta, ko da ba ta da ko ƙwarzane. Nawa kuka rage? Kwalin mota mai ma'aunin 1:18 bai wuce santimita 35 a tsawo, 18 a faɗi, 15 a tsayi ba. CBM ɗaya, wato gurbin kaya mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, a jirgin ruwa zai ɗauki kusan irinsa 100. Ko da a ce CBM dala 400 ne, dala 4 ke nan a kan kowace mota. Saboda dala 4 aka zubar da abin da ke riƙe da dala 40 ko 80. An je neman ƙiba an samo rama.

Kuma leda ba ta riƙe mota. A cikin kwalinta da sukurori ake ɗaure ta a jikin faranti, ko a danne ta tsakanin soso biyu. Je ka zazzage ledojin da suka zo da su, ka duba ƙasa. Za ka tarar da ƙananan madubai kamar ƙwayar shinkafa, da eriya, da abin share gilashi. Madubi ɗaya ya ɓalle, motar ta koma gwanjo.

Na san me ya hana ka magana tun da kwalin farko ya iso. Ɗan yayarka ne. Wataƙila yayar nan ita ta goya ka. Ta yaya za ka ce wa ɗanta ya turo rasit? Ni ma na taɓa shan wannan ruwan. Shekarun baya na ba ƙanin matata kuɗi zai je Dubai, na ce ya sayo mini agoguna "masu kyau", kalmarka sak. Ya dawo da jaka cike, yana murna ya samo da araha, har ya rage mini canji. Na buɗe a gabansa, na ɗauki ɗaya na ga allurar daƙiƙa tana tsalle inda ya kamata ta riƙa tafiya sumul. Na ce masa Allah ya yi albarka. Shekara biyu ina sayar da su a kan faɗuwa, kuma har yau bai san ya yi mini ɓarna ba, don ban taɓa gaya masa ba. Yaron bai ci mini ko kwabo ba. Ni na aike shi abin da bai sani ba, kuma na zaɓi mutumin da ba zan iya tuhuma ba. Da dillali ne na biya shi la'ada, da a ranar zan mayar masa da kayansa.

Ɗan yayarka ma ban ce ya cuce ka ba. Amma ka amsa wa kanka: a cikin mota 95 da ke shagonka, akwai guda ɗaya da za ka iya cewa ga nawa aka saye ta, ga nawa dakonta, ga nawa kwastam? In babu, to waɗancan 45 ɗin ma ba ka san ko riba ka ci ko uwar kuɗi kake ci ba.

Motar dala 100,000 da ka gani, na san ta. Wata 'yar bas ce ta Volkswagen ruwan hoda da Hot Wheels suka yi a 1969, gwaji ce, ba a taɓa kai irinta kanti ba, shi ya sa ba ta da yawa a duniya. Kamfanin nan ya ƙera motoci biliyoyi tun 1968, kuma wadda ake sayarwa a kantin Amurka dala ɗaya da 'yan kai ce. Labarin guda ɗaya ake yaɗawa, ba a ba da labarin biliyoyin. Ko masu tsadar da kake son ajiyewa, kamfani na iya sake fitar da samfurin gobe farashin tsohon ya faɗo. Akwai kuma cutar da ke kama tutiyar da aka gauraya da dattin dalma, ta kumbura ta tsattsage tana zaune a kabad, damshi na ƙara mata gudu. Ga zafin Kaduna da ke dafa tayar roba, ga ƙurar hunturu. Bashi kuma ba ya jiran mota ta yi daraja, wata na ƙarewa mai shi zai buga waya.

Ka rufe shago da wuri ran Asabar, ka baje duka 95 ɗin a kan tabarma, ka juya kowace ka karanta cikinta. Marasa suna da masu kuka ka tara su gefe guda, ka kai wa masu kayan wasan yara su saya a sari, ko ka jira sallah ka sallamar a kan uwar kuɗi, ko ƙasa da haka kaɗan. Zai yi ciwo, amma kuɗin shagon waya ne ka binne a cikinsu, kuma can ne ake juya kuɗi. Waɗanda ka ga Maisto ko Bburago ko Welly a jikinsu, matsakaita ne, sa a yanka maka akwatunan gilashin roba ka zuba su ciki, ka sayar wa masu ƙawata teburin ofis. Su ba ruwansu da kwali. In ka ci sa'a ka tsinci Norev ko Minichamps ko Kyosho a ciki, ɗauki hotonta ta kowace kusurwa, ka rubuta ƙarara cewa ba ta da kwali, ka sa farashin da ya dace da hakan. Masu tara motocin nan 'yan kaɗan ne kuma sun san juna, ka yi wa ɗaya ƙarya duk sun ji.

In bayan haka har yanzu kana son harkar, to ka daina sayen kaya kana jiran mai saye. Ka nemi mai saye tukuna. Mutanenmu ba Ferrari ce ke taɓa musu zuciya ba kamar motar da suka shiga suna yara. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a nan Kaduna tun 1975, tsohuwar Marsandi, Land Cruiser, Hilux. Norev na Faransa na yin 504. Nuna wa Alhajin da babansa ya yi ta kai su ƙauye a cikinta, ka ga yadda zai yi shiru. Karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ka yi oda daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, da rasit. Mota biyar a wata ta wannan hanyar, da ribar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ta fi ɗari a kan kanta suna shan ƙura.

Shi kuma yaron, kada ka kore shi, kada kuma ka kai ƙara wurin uwarsa. Ka canza masa aiki. Zaɓe naka ne, kai za ka rubuta masa sunan kamfani, ma'auni, lambar samfur da launi. Nasa shi ne ya karɓa, ya ɗauki hoton kwalin ta fuska shida da hoton rasit, ya kai wa masu dako ba tare da ya buɗe ba. Ka yanka masa la'ada a kan kowane kwali, ka rubuta a saƙo ya amsa da "na yarda". Wanda kake biya kana iya tambayarsa ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Kira shi yau da daddare, bayan ya fito daga aji, kuma ka fara da tambayarsa ko akwai sauran kwalayen da bai zubar ba a ɗakinsa.